Daular Faifai: Tarihin Neman Tushen Ciwon Kwankwaso

Da wuya a sami gidan da ba a taɓa jin wani ya yunƙura zai tashi ya dafe ƙugu ya ce, "Wash, bayana!" ba. Manomin da ya yini duƙe da fartanya ya san wannan ciwo, ɗan dako ya san shi, mai daka ta san shi, haka nan ɗalibin da ya raba dare a kan benci yana bitar darasi ana gobe jarrabawa. In ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har aka dangana da babban asibiti aka ɗauki hoto, abin da majinyaci kan komo gida da shi shi ne, "An ce guringuntsin bayana ne ya zaizaye." Maganar takan fito a baki sumul kamar tun kaka da kakanni aka san ta, alhali kuwa ko shekara ɗari ba ta cika ba. Abin da nake so in yi a wannan maƙala shi ne in bi sawunta, mu ga inda ta samo asali, da yadda ta yi sarauta a duniyar likitanci, da kuma yadda bincike ya zo daga baya ya rage mata iko ba tare da ya tuɓe ta ɗungum ba.

Kafin mu shiga tarihi, bari mu san abin da ake magana a kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana saran gadon bayan rago ya ga cewa ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne kamar karan dawa. A jikin ɗan Adam gaɓoɓi 7 ne a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a kwankwaso, sa'an nan sauran na can ƙasa waɗanda suka manne da juna. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani ɗan faifai na guringuntsi, jimlarsu 23. Gefen faifan zaruruwa ne masu tauri da aka naɗe zobe bisa zobe kamar albasa, tsakiyarsa kuwa wani abu ne mai taushi da danƙo wanda galibinsa ruwa ne. Aikinsa aikin gammo ne. Shi ke karɓar nauyi ya rarraba, ya hana ƙashi gugar ƙashi, ya ba mutum damar duƙawa da juyawa. Da rana nauyin jiki kan matse ruwan ya fita, da dare ya koma, shi ya sa mutum da asuba yakan fi yadda yake da almuru tsawo da santimita ɗaya ko biyu. Daf da bayan faifayen nan akwai kororon da laka ke bi, daga nan ne kuma jijiyoyi ke fita bibbiyu su nufi sassan jiki. In na ce jijiya a nan ina nufin mai kai saƙon ji da motsi, ba ta jini ba.

Akwai kuma ciwo iri biyu da tilas mai karatu ya rarrabe, domin daga cakuɗa su ne duk rikicin ya taso. Na farko shi ne mai zama a kwankwaso, ya riƙe ƙugu, bai cika wuce ɗuwawu ba. Na biyu shi ne mai tasowa daga ɗuwawu ya bi bayan cinya ya sauka har tafin sawu kamar an ja zaren wuta, wani sa'in har da mutuwar ƙafa. Wannan na biyu shi Larabawa ke kira irƙun nasa, da wannan suna kuma zan riƙa ambatonsa.

Zamanin da faifai ba shi da laifi

A cikin 1862 wani Ba'amurke mai suna Edwin Smith ya sayi wata tsohuwar takarda a garin Luksor na ƙasar Masar, wadda aka kwafa kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu. Littafin tiyata ne mai ɗauke da bayanin raunuka 48, an faro daga ka ana gangarowa. Na ƙarshensu mutum ne da ya yi targaɗe a wata gaɓar baya. Aka ce likita ya sa shi ya miƙe ƙafafunsa, in ya yi maza ya tanƙwashe su don zafi, to, an gane ciwon. Aka fara bayanin magani, aka ce a kwantar da shi rigingine, sai magatakarda ya ajiye alƙalami a tsakiyar jimla, bai kuma ƙarasa ba. Allah kaɗai ya san abin da ya tashe shi.

Likitocin Yunanawa, irin su Abuƙrat da Jalinus, sun san ciwon da ke sauka ƙafa sarai, amma a kwatangwalo suka sa tushensa, suka danganta shi da rikicewar ruwayen jiki. Likitocin Musulmi sun gaji wannan tunani suka faɗaɗa shi. Ibn Sina ya yi magana a kan ciwon baya da irƙun nasa a cikin Alƙanun, shi kuwa Az-Zahrawi na Andalus ya bayyana wuraren da za a ɗora ƙarfe mai zafi a yi lalas don maganinsa. Wanda ya san yadda a ƙasar Hausa akan ce sanyi ne ya kama baya, a kira wanzami ya kafa ƙaho, ba zai ji wannan tunani baƙo a kunnensa ba.

A tsakiyar ƙarni na 16 Andreas Vesalius, wanda babban littafinsa na ƙirar jiki ya fara fitowa a 1543, ya siffanta faifan, amma a matsayin gaɓa cikin gaɓoɓi kawai. A 1764 wani likitan birnin Naples a Italiya, Domenico Cotugno, ya raba ciwon kwatangwalo da ciwon jijiyar ƙafa, ya ce abu biyu ne dabam. Ya yi gaskiya a nan, sai dai ya ɗauka ruwa ne ke taruwa a kuben jijiyar. A 1857 da 1858 manyan masanan Jamus biyu, Rudolf Virchow da Hubert von Luschka, suka ga faifan da ya fashe ko ya turo baya a jikin gawa da idonsu, suka rubuta, suka wuce, ba wanda ya ƙulla shi da ciwon rayayye.

Wani abu da ya faru a Ingila a wannan tsakani ya cancanci a tsaya a kansa, ko da yake faifai bai shigo ciki ba. Jirgin ƙasa ya yawaita, haɗarinsa ma ya yawaita, sai aka riƙa samun mutanen da suka fita daga haɗari ba rauni a fili amma suna kukan baya, suna kai kamfanoni ƙara. A 1866 wani likitan tiyata na Landan, John Erichsen, ya wallafa littafi yana cewa girgizar haɗarin ce ke taɓa laka. Wasu likitoci, musamman Herbert Page a 1883, suka musa, suka ce firgita ce ta fi yawa a lamarin. Daga nan ne aka fara ɗaukar ciwon baya a matsayin rauni, watau abin da ke da sanadi takamaimai da wanda za a kama ya biya diyya. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu sake cin karo da shi.

Ƙarin da ba ƙari ba

Sa'ad da tiyatar laka ta fara kankama a farkon ƙarni na 20, likitoci suka riƙa buɗe bayan majinyata suna tarar da wani farin ƙullutu yana danne jijiya. Sukan cire shi, majinyaci ya sami sauƙi, su rubuta cewa sun cire ƙarin guringuntsi. Haka Fedor Krause da Hermann Oppenheim suka yi a Barlin suka ba da rahoto a 1909. A 1911 mutum biyu a Glasgow, Middleton da Teacher, suka ba da labarin wani ma'aikaci da ya ɗaga ƙarfe mai nauyi, ƙafafunsa suka shanye, ya rasu, aka tarar faifai ne ya fashe ya danne laka. A wannan shekara Joel Goldthwait na Boston shi ma ya yi zaton faifai na iya haddasa irin wannan. A 1929 Walter Dandy ya yi wa mutum biyu aiki ya ce abin da ya ciro ɓallin faifai ne. Duk sun yi kusa, amma maganar ba ta kama jiki ba.

A can birnin Dresden na Jamus kuwa, wani masanin binciken gawa, Georg Schmorl, ya shafe shekaru yana fitar da ƙashin bayan matattu dubbai yana tsagawa yana dubawa. Shi da almajiransa sun ga zaizayar faifai iri-iri, har ɗaya daga cikinsu, Andrae, ya ƙirga a 1929 cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na gawarwakin da ya duba suna da faifan da ya turo baya. Da yake abin ya yi yawa haka, sai suka ɗauke shi abin da ba ya cutarwa. A ganina wannan shi ne abin dariya da ban takaici a tarihin nan: mutanen da suka fi kowa sanin faifai sun ga yawan lalacewarsa suka ce ba komai, waɗanda suka biyo baya suka karanta littafinsu suka ce shi ne komai, kuma kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya.

A watan Yuni na 1932 aka kawo wani saurayi ɗan shekara 25 Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston. Ya faɗi wajen wasan sulu a kan ƙanƙara, ciwo ya kama masa ƙafa ya ƙi saki. Likitan ƙashi Joseph Barr ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai ga sauƙi ba, ya miƙa shi ga likitan tiyatar jijiya William Mixter. Mixter ya buɗe, ya ciro ƙullutu, ciwon ƙafa ya tafi, ɗakin gwaji ya rubuto abin da ya saba rubutowa, ƙarin guringuntsi. Barr bai gamsu ba. Yaya za a yi ƙari ya tsiro wa mutum daidai ranar da ya faɗi? A lokacin kuwa yana karanta littafin Schmorl, sai ya ga abin da aka ciro ya yi kama da hotunan tsakiyar faifai da ke ciki. Suka koma rumbun asibiti tare da masanin gwaji Charles Kubik, suka zaƙulo tsofaffin samfuran da aka yi wa laƙabin ƙari, suka sake sa su a madubin likita. Ashe da yawansu naman faifai ne tsantsa. Ran 30 ga Satumba, 1933, suka karanta sakamakon a gaban taron likitocin tiyata na yankinsu, a 1934 kuma aka buga shi a mujallar New England Journal of Medicine da bayanin majinyata 19.

Abin da suka gano gaskiya ne, har gobe kuma gaskiya ne: faifai na iya tsagewa, cikinsa ya tsarto ya danne jijiya, ya haifar da irƙun nasa, in an cire abin da ya tsarto ciwon ƙafa yakan tafi. Sai dai a lura da abu biyu. Na ɗaya, kan ciwon ƙafa da danniyar jijiya suka kafa hujja, ba kan ciwon kwankwaso na yau da kullum ba. Na biyu, kalmar da suka sa a kan takardar tasu tana nufin fashewa, kalma ce mai nuna rauni, ta kuwa faɗo a ƙasar da dokokin biyan ma'aikata diyyar rauni suka riga suka kafu.

Yadda daular ta bunƙasa

Ɓarawon da aka kama sau ɗaya da kaya a hannu, duk abin da ya ɓace a unguwa shi za a nuna. Haka ta faru da faifai. Cikin 'yan shekaru aka tashi daga cewa yana haddasa irƙun nasa aka koma cewa shi ke haddasa ciwon baya kusan duka. A 1941 Dandy ya zo da maganar ɓoyayyen faifai, watau ko an buɗe ba a ga abin da ya turo ba, laifin na nan a ɓoye, a cire. Da irin wannan hujja ba faifan da zai kuɓuta. Wani likitan Kanada, Ian Macnab, shi ya yi wa wannan zamani laƙabin da na ara na sa a kan maƙalar nan.

Hoton eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, ya taimaka wa daular ƙwarai. Ba ya nuna faifai, ƙashi kaɗai yake nunawa, amma yakan nuna gurbin da ke tsakanin gaɓoɓi ya tsuke da kuma ƙahonnin da ƙashi kan fitar a gefe. Da an ga haka sai a ce ga dalili, har aka raɗa wa abin suna cutar zaizayar faifai. A shekarun 1960 Alf Nachemson na ƙasar Suwidin ya soka allura mai awon matsi cikin faifan mutane masu rai, ya ce zama ya fi tsayuwa matsa wa faifai, ɗaukar kaya a duƙe kuwa ya fi duka. Daga nan hoton ya cika a zukatan mutane: baya kamar mota ne, nauyi ke cinye shi, in wani sashe ya cinye a gyara ko a canja. A 1999 Hans-Joachim Wilke ya sake awon a Jamus da kayan zamani, ya tarar zaman hutawa bai fi tsayuwa matsi ba, amma ɗaga kilo 20 da lanƙwasasshen baya ya ninka matsin tsayuwa fiye da sau huɗu.

Dabarun magani suka yi ta fitowa. A 1964 Lyman Smith ya ba da rahoton yi wa faifai allurar wani sinadari da ake samu daga ƙaron gwanda, dangin wanda ke sa nama laushi, don ya narkar da cikinsa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1982, aka yi ta yayinsa, daga baya tsoron illolinsa ya sa aka ja baya har aka daina sayar da shi a can. Aka kuma ɗauko aikin haɗe gaɓoɓi biyu su zama ƙashi guda, wanda Hibbs da Albee suka ƙirƙiro a 1911 don masu tarin fuka na ƙashin baya, aka mai da shi maganin faifan da ya zaizaye. Wani ƙiyasi da Daniel Cherkin da abokansa suka buga a 1994 ya nuna yawan tiyatar baya a Amurka, gwargwadon yawan jama'a, ya ninka na Ingila da Sikotlan fiye da sau biyar. Ba wanda zai ce bayan Ba'amurke ya fi na Bature lalacewa sau biyar.

Da aka juya na'ura kan masu lafiya

Tambayar da ta kamata a yi tun farko ita ce: wanda ba ya jin ciwo, yaya nasa faifan yake? An daɗe ba a yi ta ba, don mai lafiya ba ya zuwa asibiti. Da na'urar CT ta samu, sai Sam Wiesel ya gwada mutum 52 marasa ciwon baya a 1984, aka ce fiye da sulusinsu hotonsu ba daidai yake ba. Sa'an nan na'urar maganaɗisu da aka fi sani da MRI ta zo, wadda ke nuna faifai fes, mai ruwa ya fito fari, busasshe ya fito baƙi. An zaci ita za ta rufe shari'a, sai ga shi ta buɗe ta sabuwa.

A 1990 Scott Boden ya ɗauki mutum 67 da ba su taɓa ciwon baya ba. Cikin waɗanda ba su kai shekara 60 ba, kashi 20 cikin 100 suna da faifan da ya tsarto, cikin dattawa kuwa kashi 36. Aka bi waɗannan mutane shekara bakwai, aka tarar hoton farko bai nuna wanda zai yi ciwo da wanda ba zai yi ba. A 1994 Maureen Jensen ta duba mutum 98 lafiyayyu, kashi 36 kacal ne duk faifayen kwankwasonsu ke daidai. A 2015 Waleed Brinjikji da abokan aikinsa suka tattara bincike 33 da suka ƙunshi mutum 3,110 marasa ciwo, suka ga zaizayar faifai tana jikin kashi 37 na 'yan shekara 20, tana hawa har ta kai kashi 96 na 'yan shekara 80. Ke nan in aka kwashe ɗaliban aji guda na wannan zamani, kowa garau, aka sa su a na'ura, ɗaya cikin uku zai fito da takardar da ke cewa bayansa ya fara cinyewa. Abin da ke jikin kusan kowane tsoho ya fi kama da furfura bisa ga cuta.

Hujjar cewa nauyi ne ke cinye faifai ita ma ta sha kashi, daga ƙasar Finlan. Michele Battié da Tapio Videman sun nemo 'yan biyu maza masu kama ɗaya, waɗanda rayuwa ta raba musu sana'a, misali Hassan yana aikin ƙarfi Husaini yana zaman ofis. A rahotonsu na 1995 kan tagwaye 115 sun tarar hoton bayan kowane Hassan ya yi kama da na Husaininsa ainun, bambancin aiki kaɗan ya taɓuka, gado shi ne mai rinjaye. Shan taba ma an ga yana ƙara zaizayar, amma ba da yawa ba. Kada a fahimci wannan da cewa dako ba ya sa ciwon baya. Yana sawa mana. Abin da ya nuna shi ne zaizaya dabam, ciwo dabam, kowanne da hanyar da yake bi.

To, a wanke faifai ke nan?

A'a, ba a nan gizo ke saƙa ba, kuma masu cewa hoto ba ya nufin komai su ma sun zarce. Akwai shaidu masu ƙarfi a ɗaya ɓangaren. A 1958 likitoci biyu a Ingila, Smyth da Wright, sukan zarga zaren nailan a jikin jijiya lokacin tiyata su bar bakinsa a waje, bayan majinyaci ya farfaɗo su ɗan ja. In jijiyar da faifai ya taɓa dannewa ce, taɓi kaɗan sai irƙun nasa ya dawo nan take. A 1991 Stephen Kuslich ya ba da rahoton mutum 193 da ya yi wa aiki idonsu biyu, an kashe musu wurin kawai, yana taɓa sassa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Tsakiyar faifai ba ta jin komai, amma gefensa na waje ya tayar da ciwon kwankwaso ga kimanin biyu cikin uku. A 1993 Kjell Olmarker ya nuna a jikin aladu cewa ko ba danniya, naman cikin faifai in ya taɓa jijiya yakan ƙona ta kamar guba. A 1997 kuma Anthony Freemont na Manchester ya tarar ƙananan jijiyoyin jin zafi sun kutsa can cikin faifan masu daɗaɗɗen ciwo, inda a lafiyayye babu su.

Shi kansa Brinjikji ya buga wani rahoto na biyu a 2015 wanda ba a cika ambatonsa ba. Ya kwatanta masu ciwo da marasa ciwo 'yan shekara 50 zuwa ƙasa, ya tarar an fi samun zaizaya da kumburin faifai wajen masu ciwon. Watau dangantaka tana nan in an dubi jama'a a dunƙule. Matsalar ita ce likita mutum guda ne a gabansa, ba kuma shi da amintacciyar hanyar sanin ko wannan baƙin faifai da yake gani shi ne mai cizon ko kuwa ɗan kallo ne. An yi ƙoƙarin samar da hanyar tun 1948, sa'ad da Knut Lindblom ya fara ɗura ruwa cikin faifai da allura a ga ko zai ta da ciwon. Amma Eugene Carragee na Jami'ar Stanford ya nuna gwajin kan ta da ciwo har ga marasa ciwon baya, a 2009 kuma ya nuna faifan da aka soka ya fi saurin lalacewa bayan shekara goma.

Likitan da ya fi kowa fitowa fili ya ƙalubalanci daular shi ne Gordon Waddell na Glasgow, shi ma kuwa mai wuƙa ne. A shekarun 1980 ya ziyarci ƙasar Oman, ya ga ciwon baya ya yi yawa kamar ko'ina, amma da wuya a ga wanda ya kwanta ya bar aiki dominsa. A 1987 ya rubuta cewa ciwon baya tsohon abu ne, naƙasa saboda shi ita ce sabuwa, kuma tsoro da kwanciya da yanayin aiki da tsarin diyya duk suna da hannu a ciki. Shekara guda kafin haka Richard Deyo ya nuna kwanciyar kwana biyu ba ta gaza ta kwana bakwai amfani ba, a 1995 kuma wani bincike a Helsinki ya nuna ci gaba da harkokin yau da kullum gwargwadon hali ya fi kwanciyar baki ɗaya. Aikin haɗe gaɓoɓi shi ma aka sa shi a ma'auni. A Suwidin a 2001 ya fi jinyar da aka saba, amma a Norwe a 2003 da Ingila a 2005, da aka gwada shi da tsararren motsa jiki haɗe da cire wa majinyaci tsoro, ba a ga wani fifiko na a zo a gani ba. A 2016 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada a riƙa ɗaukar hoto barkatai, kada kuma a yi wannan aiki don ciwon kwankwaso kawai sai cikin bincike.

Girman al'amarin ba ƙarami ba ne. An ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a duniya a 2020, shi ne kuma kan gaba cikin abubuwan da ke naƙasa mutane, kimanin tara cikin goma kuwa ba a iya nuna takamaiman sashen da ciwon ke fitowa. Sauran ɗayan shi ne abin kula. Ciwon baya da ya zo da rama ko zazzaɓi ko zufar dare yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya, wanda Percivall Pott ya siffanta a 1779, har yanzu kuma ana ganinsa a asibitocinmu. Wanda kuma fitsari ya riƙe masa ko ya kufce, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta fara shanyewa, nasa na gaggawa ne, a nan wuƙar Mixter ba ta da madadi.

Ko a kan irƙun nasa, inda daular ta fara da gaskiyarta, tarihi ya ƙara bayani. Henrik Weber na Oslo ya raba majinyata 126 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ya buga sakamakon a 1983: bayan shekara ɗaya waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi, bayan huɗu ratar ta tsuke, bayan goma kusan babu ita. Dalili kuwa jiki kan cinye abin da ya tsarto da kansa, kuma wanda ya fi girma ya ɓalle shi ya fi saurin narkewa. A 2007 likitocin Leiden a ƙasar Holan suka maimaita gwajin da mutum 283, suka ga tiyata da wuri tana gaggauta tafiyar ciwon ƙafa, amma da shekara ta zagayo kimanin kashi 95 na kowane ɓangare sun warke. Suka sake ɗaukar mutanen hoto a ƙarshen shekarar, suka buga abin da suka gani a 2013. Cikin waɗanda suka warke, kashi 35 har yanzu ana ganin faifan a tsarce. Cikin waɗanda ba su warke ba, kashi 33.